Wa Ya Raɗa Sunan Anglo-Saxon, Kuma Wa Ya Ɓata Shi?

A watan Satumbar 2019, a wani taron masana da aka yi a birnin Washington na Amurka, Dokta Mary Rambaran-Olm ta miƙe gaban jama'a ta sanar da cewa ta ajiye muƙaminta na mataimakiyar shugaba ta biyu a Ƙungiyar Masana Anglo-Saxon ta Duniya. Ƙungiyar, wadda aka kafa a 1983, ta malaman jami'a ce masu nazarin Ingila ta dauri: tsohon Ingilishi, littattafan da aka rubuta a kan fata, kaburbura da kufai. Ƙorafin malamar biyu ne. Na farko, fannin yana rufe ƙofa ga masana waɗanda ba fararen fata ba. Na biyu, sunan da ƙungiyar ke ɗauke da shi ya daɗe yana yi wa masu wariyar launin fata hidima. Kafin shekarar ta ƙare, mambobi sun kaɗa ƙuri'a, an cire Anglo-Saxon daga sunan, ƙungiyar ta koma ta nazarin Ingila ta farkon tsakiyar zamani. A 2024 kuma maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta sauya sunan babbar mujallar fannin, wadda take fitowa tun 1972, aka cire kalmar daga bangonta.

A nan abin mamakin yake. Mutanen da ake kira da wannan suna mulkinsu ya ƙare tun 1066. Ba su san da Amurka ba, ba su yi mulkin mallaka a Afirka ba. To yaya aka yi sunansu ya zama abin faɗa tsakanin shehunan malamai, har wasu ke ganin furta shi laifi ne, wasu kuma ke ganin barin sa cin amanar tarihi ne? Ruwa ba ya tsami banza. Sai mu bi sawun sunan tun daga tushe, mu ga hannun wa da wa ya bi.

Shaida ta farko: bakin masu sunan

Bayan da daular Rum ta janye daga tsibirin Birtaniya wajen shekarar 410, sai baƙi suka riƙa tsallako teku daga yankunan da a yau suke arewacin Jamus, Denmark da Holan. Malamin coci Bede, wanda ya kammala tarihinsa a 731, ya ce ƙabilu uku ne suka zo: Angle, Saxon da Jute. Sun kafa ƙananan masarautu irin su Wessex, Mercia, Kent da Northumbria, waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru suna yaƙar juna.

Abin da mai bincike zai fara yi shi ne ya tambayi mutanen da kansu. Sun bar rubutu mai yawa da harshensu: dokoki, wa'azi, waƙoƙi, wasiyyoyi da tarihin shekara-shekara. A cikin wannan tarin duka, wuraren da sunan Anglo-Saxon ya fito da harshen nasu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Harshensu suna ce masa Englisc, jama'arsu kuma Angelcynn, wato dangin Angle. Manomi a Kent ya san kansa mutumin Kent ne, na Mercia ya san kansa mutumin Mercia ne. Da za a tsayar da ɗayansu a kasuwa a kira shi Anglo-Saxon, da wuya ya waiwayo.

Ashe ke nan sunan ba daga bakinsu ya fito ba. To daga ina?

Shaida ta biyu: takardun fada

Sawun farko yana can ƙetaren teku. Marubutan nahiyar Turai masu rubutu da Latin, irin su Paul Dikon, marubucin tarihin Lombard a Italiya a ƙarshen ƙarni na 8, suna da matsala: Saxon iri biyu ne, waɗanda suka zauna a Jamus da waɗanda suka yi ƙaura zuwa tsibiri. Don a bambanta su sai suka haɗa sunayen biyu, ma'ana Saxon ɗin Ingila.

Sawu na biyu yana fadar Sarki Alfred na Wessex, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899. Mayaƙan Viking sun rushe yawancin masarautun ƙasar, sai tasa ta rage a tsaye. Bayan da ya karɓi Landan a 886, mutanen yammacin Mercia, waɗanda 'yan Angle ne, suka shiga ƙarƙashin ikonsa tare da nasa 'yan Saxon. Yana buƙatar laƙabin da zai rufe ɓangarorin biyu, sai magatakardansa suka fara rubuta shi a takardun Latin da sarkin Anglo-Saxon. Mai karatu zai gane irin wannan suna idan ya tuna da Hausa-Fulani: ya fi yawa a bakin siyasa da shafin jarida, amma a gida kowa ya san abin da yake kiran kansa.

Laƙabin bai yi ƙarko ba. Jikan Alfred, Athelstan, da ya ci arewacin ƙasar a 927, sai ya koma kiran kansa sarkin Ingilishi. Tsohon laƙabin ya ci gaba da leƙowa jefi-jefi a takardun fada, sannan bayan da Normandawa suka ci ƙasar a 1066 ya kwanta. Kusan shekara 500 babu mai waiwayarsa. Har zuwa nan babu zancen jini, babu zancen fata. Suna ne na haɗin gwiwar siyasa, an yi amfani da shi, an ajiye.

Shaida ta uku: waɗanda suka tono shi

A 1534 Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma, sannan ya rushe gidajen ibadar 'yan zuhudu, littattafansu suka warwatse. Sabon cocin Ingila yana neman hujjar cewa ba bidi'a ya ƙirƙiro ba. Matthew Parker, wanda ya zama babban limamin Canterbury a 1559, ya baza mutane suna tattaro masa tsofaffin littattafan, yana neman shaidar cewa cocin kakanni yana da 'yancinsa kafin Rum ta danne shi. A 1566 ya sa aka sassaƙa haruffa na musamman aka buga wani tsohon wa'azi da tsohon Ingilishi. Tarin littattafan nasa yana nan a Kwalejin Corpus Christi ta Cambridge har yau. Masanin tarihi William Camden, a littafinsa na 1586 kan Birtaniya, ya taimaka wajen dawo da tsohon sunan Latin ɗin cikin bakin masu ilimi. Nazarin wannan zamani, tun ranar da aka haife shi, an haife shi ne don ya kare wata manufa.

A ƙarni na 17, lokacin rikicin majalisa da sarki, sai aka ba kakannin wani sabon aiki. Masu adawa da sarki suka ce kafin 1066 Ingila ƙasar 'yantattu ce masu shawara da zaɓe, Normandawa ne suka ɗora mata karkiya. Suka haɗa da abin da marubucin Rum Tacitus ya rubuta wajen shekarar 98 kan ƙabilun dazukan Jamus, aka gina labari cewa 'yanci gadon waɗannan mutane ne.

Wannan labari shi ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Thomas Jefferson, ɗaya daga cikin jagororin kafa ƙasar, ya ƙware a kansa. A 1776, da ake shawarar hatimin sabuwar ƙasa, abokin aikinsa John Adams ya rubuta wa matarsa cewa Jefferson ya ba da shawarar a zana Hengist da Horsa, 'yan'uwa biyu da almara ta ce su suka jagoranci zuwan Saxon Birtaniya. Da ya kafa Jami'ar Virginia, wadda ta buɗe a 1825, ya sa tsohon Ingilishi cikin darussanta. Wannan mutum mai begen 'yancin kakanni ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. Tambayar da ta biyo baya a fili take: in 'yanci gado ne, su wa ke da rabo a ciki, su wa kuma ba su da shi?

Shaida ta huɗu: ranar da suna ya koma jini

Ƙarni na 19 shi ya ba da amsa, kuma mummunar amsa ce. A 1850 wani likitan fiɗa ɗan Scotland, Robert Knox, ya fitar da littafi yana cewa jinsi shi ne komai a tarihin ɗan Adam, ya kuma ɗora Saxon a sahun gaba. A Amurka, lokacin yaƙin da aka yi da Meziko daga 1846 zuwa 1848, 'yan siyasa da 'yan jarida sun yi ta shelar cewa ƙaddara ce jinsin Anglo-Saxon ya mamaye nahiyar. Meziko ta rasa fiye da rabin ƙasarta. A 1877 ɗan mulkin mallakar Birtaniya Cecil Rhodes, yana saurayi, ya rubuta burinsa na ganin jinsin Anglo-Saxon ya zama daula ɗaya mai shimfiɗe a duniya, Afirka kuwa tana cikin lissafinsa. A 1885 fasto Josiah Strong ya buga littafin da ya yi kasuwa ƙwarai, yana cewa Allah ya tanadi wannan jinsi don ya rinjayi sauran. Turawan da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 a cikin wannan iska suka tashi, shi ya sa rubuce-rubucen jagoransu Lugard da matarsa Flora Shaw suke jera al'ummomin ƙasarmu hawa-hawa, mai hasken fata a sama.

Ga inda binciken ya fi zafi: malamai ba 'yan kallo ba ne a wannan aiki. Edward Freeman, wanda ya rubuta babban tarihin cin Ingila da Normandawa suka yi, ya kuma zama farfesan tarihi a Oxford a 1884, yana cikin manyan masu yaɗa aƙidar. Da ya ziyarci Amurka a 1881, ya rubuta a wasiƙa cewa ƙasar za ta yi kyau da kowane ɗan Ireland zai kashe baƙar fata ɗaya sannan a rataye shi. Wannan magana daga alƙalamin shehin malami ta fito, mutumin da ɗalibai suka yi shekaru suna karanta littattafansa.

Aƙidar ba ta tsaya a takarda ba, ta zama doka. A 1922, a birnin Richmond na jihar Virginia, wani makaɗin fiyano mai suna John Powell da abokansa suka kafa Ƙungiyoyin Anglo-Saxon na Amurka. Su suka matsa har majalisar jihar ta yi dokar tsarkin jinsi ta 1924, wadda ta raba jama'a gida biyu, farare da masu launi, ta kuma haramta aure tsakaninsu. A ƙarƙashin dokokin jihar ne aka kama Richard Loving da matarsa Mildred a 1958, don shi fari ne ita kuwa ba fara ba. Sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe haramcin. A wannan shekara ta 1924 ɗin dai Amurka ta yi dokar shige da fice da ta fifita 'yan arewacin Turai, ta taƙaita Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai, ta rufe ƙofa ga mutanen Asiya.

Abin bai mutu ba. A watan Agustan 2017 masu aƙidar fifita farar fata suka yi gangami a Charlottesville, garin da jami'ar Jefferson take, wasunsu riƙe da garkuwoyi masu alamomin tsakiyar zamani. Ɗaya daga cikinsu ya kutsa da mota cikin masu adawa da su, ya kashe wata mata mai suna Heather Heyer. A watan Afrilun 2021 wata takardar manufa da aka alaƙanta da wasu 'yan majalisar Amurka masu tsattsauran ra'ayi ta fito tana kiran a kare al'adun siyasar Anglo-Saxon, tana kuma sukar shigowar baƙi. Ɗalibi baƙar fata a Amurka da ya ga wannan suna a ƙofar aji yana da dalilin da zai sa ya yi turus.

Shaida ta biyar: abin da ƙasa ta adana

Saura tambaya ɗaya. Shin akwai wani tsarkakakken jinsi da ya taɓa zama a Ingila kamar yadda Knox da Rhodes suka zata? Kaburbura sun amsa.

A 2022 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken ƙwayoyin halitta na ƙasusuwan mutum 460 daga arewa maso yammacin Turai. Ya tabbatar da cewa ƙaura babba ta faru: a gabashin Ingila, kusan kashi 76 cikin 100 na asalin mutanen da aka gwada daga ƙetaren Tekun Arewa yake. Amma ya kuma nuna baƙi da 'yan ƙasa sun yi auratayya, an binne su a maƙabarta ɗaya, kuma namiji ɗan ƙasa kan samu makami a kabarinsa kamar yadda baƙo ke samu. Cerdic ma, wanda gidan sarautar Wessex ke kira kakansu, sunansa na 'yan asalin Birtaniya ne.

A maƙabartar Updown da ke Kent an tono kabarin wata yarinya ta ƙarni na 7, 'yar shekara goma da ɗoriya. An binne ta da tukunya, da wuƙa, da cokali, da matajin ƙashi, kusa da danginta mata, daidai da yadda ake binne kowace ɗiyar garin. Gwaji ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na asalinta daga Afirka ta Yamma yake, mai kusanci da na Yarbawa, Mende, Mandinka da Esan na yau. A 2025 an bayyana wani saurayi mai irin wannan asali a maƙabartar Worth Matravers da ke Dorset. Waɗanda suka sa wa yarinyar nan mataji a kabari ba su ga baƙuwa ba, 'yarsu suka binne.

Rubutu ma ya ba da tasa shaidar. Makarantar da ta fi kowace tasiri a Ingila ta wancan zamani, ta Canterbury, mutum biyu ne suka gina ta: Theodore ɗan Tarsus, a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda aka naɗa babban limami a 668, da Hadrian, wanda Bede ya ce ɗan Afirka ne. Hadrian ya shafe kusan shekara 40 yana koyar da Latin, Girkanci, ilimin taurari da lissafin kalanda kafin rasuwarsa wajen 710. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan kuma akwai wani ƙaramin dinarin zinariya na Sarki Offa na Mercia, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796. An kwaikwayi dinarin Halifa al-Mansur na Abbasiyawa ne, har da shekarar 157 ta Hijira da kalmar shahada. Maƙerin bai iya Larabci ba, ya yi kurakurai a haruffan, sunan Offa da ya buga a tsakiya kuma ya fito a kife idan aka daidaita shi da rubutun Larabcin. Kabarin sarauta na Sutton Hoo da aka tono a 1939 yana ɗauke da azurfar Rumawan gabas da kwalta daga yankin Sham.

Kada kuma a mayar da su waliyyai. Dokokin Sarki Ine na Wessex, na ƙarshen ƙarni na 7, sun sa diyyar ɗan asalin Birtaniya ƙasa da ta ɗan Saxon. Suna da bayi, kuma wata ƙidaya da aka yi a 1086 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin goma bawa ne. Sun san wariya ta harshe da ƙabila da matsayi. Abin da ba su sani ba shi ne tsanin launin fata da aka ƙera shekara dubu bayansu aka jingina musu.

Ɗaya ɓangaren

Adalci ne a ji ta bakin masu son a bar sunan. A ƙarshen 2019 gomman masana, akasarinsu masu haƙo kayan tarihi da marubuta tarihi a Birtaniya, suka sa hannu kan wata sanarwa. Hujjarsu ita ce a Birtaniya kalmar suna ce ta wani zamani, daga ƙarni na 5 zuwa 1066, yara na koyon ta a firamare, tana rubuce a gidajen tarihi, kuma tana cikin takardun Alfred na ainihi. Sun ce idan masana suka gudu suka bar ta, sun miƙa ta kyauta ga masu wariya. Sun kuma nuna cewa maye gurbinta da Ingila ta farko yana da nasa aibin, don babu ƙasa ɗaya mai suna Ingila kafin ƙarni na 10, kuma hakan na iya ƙarfafa wa masu kishin ƙasa na Ingila gwiwa. Sashen Jami'ar Cambridge da ke koyar da wannan fanni yana riƙe da kalmar a sunansa. Wannan hujja tana da nauyi. Rauninta shi ne tana yi kamar daga waje aka shafa wa sunan datti, alhali Freeman da ire-irensa 'yan gida ne.

Bakin zaren

Yanzu an ga hannun kowa. Marubutan nahiyar Turai suka ƙirƙiri sunan don bambancewa. Alfred ya ara don haɗa talakawansa. Parker da Camden suka tono shi don gardamar addini da ta asali. 'Yan majalisar Ingila da Jefferson suka lulluɓe shi da labarin 'yanci. Malamai da 'yan mulkin mallaka na ƙarni na 19 suka mayar da shi jini, 'yan majalisar Virginia suka mayar da shi doka. Waɗanda ba su da hannu a ɓata shi su ne mutanen da ake kira da shi.

Hukuncina shi ne Dokta Rambaran-Olm ta yi gaskiya a kan ƙungiyar. Ƙungiyar duniya da ke gayyatar ɗalibai daga kowace nahiya ba ta da dalilin riƙe sunan da ke nufin farar fata zalla a kunnen miliyoyin mutane. Masu sanarwar 2019 su ma sun yi gaskiya cewa ba za a goge kalmar daga takardun Alfred ba, kuma duk malamin da zai yi amfani da ita wajibi ne ya faɗa wa ɗalibansa tarihinta gaba ɗaya, har da wasiƙar Freeman da dokar 1924. Sauya allon ƙofa shi ne mafi sauƙin aikin. Mai wuyar shi ne wa ake ɗauka aiki, wa ake gayyata ya gabatar da takarda, wa ake ba tallafin karatu, kuma a kan wannan ne ya kamata a auna fannin.

Ga mai karatu kuma, duk ranar da wani ya zo maka da labarin tsarkin jinin wata al'umma, tasu ko tamu, ka tambaye shi abu uku: yaushe aka fara kiran su da wannan suna, wa ya fara, kuma me ya samu da hakan. Kada ka karɓi labarin sai ya amsa.